Shekaru Uku na Tsakiya: Rayuwar Ɗalibi a Makarantun Kirista na Jos

Unguwar Abbatuwa da ke birnin Jos, wadda ta samo sunanta daga babbar mayankar dabbobi da ke cikinta, tana daga cikin unguwannin da suke tashi tun gari bai waye ba, domin mahauta da dillalan shanu da masu sarin nama sukan riga kowa fitowa, sa'an nan kafin ƙarfe bakwai hanyoyin da suka bi ta Giring da Dogon Ƙarfe su cika da 'yan makaranta, kowane rukuni da launin kayansa, wasu a ƙafa, wasu a Keke Napep, wasu kuma a motocin da makarantunsu suka tanada. Da yawa daga cikin waɗannan yara suna karatu ne a makarantun da majami'u ko ƙungiyoyin mishan suka kafa, kuma waɗanda wannan bayani ya fi shafa su ne 'yan shekara 11 zuwa 14, wato waɗanda suka bar firamare amma ba su kai babbar sakandare ba. Shekaru ne da iyaye ba su cika ba su muhimmanci ba, saboda hankalinsu ya fi karkata ga jarrabawar fita sakandare da neman shiga jami'a, alhali kuwa a cikinsu ne yaro yake fara zaɓen abokai da kansa, yake kuma ɗaukar ɗabi'un da zai yi wuya ya rabu da su daga baya.

A tsarin ilimin Nijeriya ana kiran wannan mataki ƙaramar sakandare, wato aji uku na farko bayan firamare, kuma asalinsa yana cikin manufar ilimi ta ƙasa da aka fitar a 1977, wadda ta raba karatu zuwa shekara 6 na firamare, 3 na ƙaramar sakandare, 3 na babbar sakandare da 4 na jami'a. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato a 1999, aka kuma yi masa doka a 2004, sai aka haɗa shekarun firamare da na ƙaramar sakandare suka zama shekara 9 na ilimin tushe, wanda doka ta wajabta a kan kowane yaro. A ƙarshen aji uku ɗalibi yana zana jarrabawar kammala ilimin tushe, wadda hukumar NECO ko ma'aikatar ilimi ta jiha take shiryawa, kuma sakamakonta, haɗe da shawarar malamai, shi yake nuna ko yaro zai nufi ajin kimiyya, ko na adabi da zamantakewa, ko na kasuwanci. Makarantun majami'u suna bin wannan manhaja kamar kowa, don haka bambancinsu ba a cikin littattafan yake ba, yana cikin yadda suke tsara yinin yaro daga safe zuwa dare.

Akwai makaranta ɗaya a wannan sashe na gari da take bin wani tsari dabam, ita ce Hillcrest da ke kan tsohuwar hanyar Bukuru, ba nisa sosai da Abbatuwa. Mishan ɗin Ikilisiyar 'Yan'uwa, wadda ta fara aiki a Garkida a 1923, wadda kuma daga aikinta ne aka sami ikilisiyar EYN, ita ce ta buɗe makarantar a 1942 da yara 12, a lokacin da yaƙin duniya na biyu ya mai da tura yara gida ta teku kasada, sanyin Jos kuwa ya sa Turawa suna ganin nan ne ya fi dacewa da lafiyar 'ya'yansu. Daga 1955 zuwa gaba wasu ƙungiyoyin mishan, irin su SUM da SIM da ta Baptist, suka riƙa shigowa cikin tafiyar da ita, kuma sannu a hankali ta buɗe ƙofa ga 'ya'yan 'yan Nijeriya da na baƙi mazauna gari. Manhajarta ta Amurka ce, inda ake ware aji na 6 zuwa na 8 a matsayin makarantar tsakiya, ana kuma fara shekarar karatu a watan Agusta. Kuɗin makarantar ya fi ƙarfin mahauci ko ƙaramin ma'aikacin gwamnati, saboda haka ba ita ce hoton rayuwar yawancin yaran Jos ba. Amma akwai tunani ɗaya a tsarinta da ya cancanci a duba, wato ɗaukar waɗannan shekaru a matsayin mataki mai zaman kansa, ba ɗakin jiran babbar sakandare ba.

Tushen makarantun da yawancin yara suke zuwa yana wani wuri dabam. A zamanin mulkin mallaka Turawan gwamnati sun taƙaita aikin mishan a cikin masarautun Musulunci na Arewa, don haka ƙungiyoyin suka karkata zuwa ga al'ummomin tsaunukan Filato da makwabtansu. Ƙungiyar SUM ta sauka a Wase a 1904 ƙarƙashin jagorancin Karl Kumm, a 1934 kuma ta kafa cibiyarta ta horar da malamai da masu bishara a Gindiri, a ƙasar Mangu ta yanzu, inda daga baya aka buɗe sakandaren maza a 1950, makarantar makafi a 1953, da sakandaren 'yan mata a 1958. Tsakanin 1958 da 1961 aka sami Kwalejin St. Joseph a Vom, Kwalejin St. Murumba da ta St. Louis, dukkansu na Katolika, da kuma Baptist High School a Jos. A daidai wannan zamani haƙar kuza ta riga ta tara Hausawa da Igbo da Yarbawa da sauran jama'a a kan ƙasar Birom da Afizere da Anaguta, don haka tun ranar da aka buɗe waɗannan makarantu ajinsu bai taɓa zama na ƙabila ɗaya ba. Ƙananan makarantun jeka-ka-dawo da suka yawaita a harabar majami'un COCIN da ECWA da Katolika da Angilika da na Fentikos, musamman tun da makarantun gwamnati suka fara rauni a shekarun 1980, sun gaji al'adun waɗancan tsofaffin makarantu ne, wasu da kyau, wasu sama-sama.

Yinin ɗalibi yana farawa ne da taron safe, kuma wanda yake son ya fahimci irin wannan makaranta, nan ya kamata ya fara dubawa. Jos tana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, saboda haka a watan Disamba da Janairu yara sukan tsaya a layi cikin rigar sanyi mai tambarin makaranta, hannuwa a hammata, leɓuna da ƙafafu sun sha man shafawa saboda tsagewar hunturu, ƙura kuma ta rufe duwatsun da ke kewaye da gari. Firifet, wato ɗalibin da aka ba wani muƙami a kan 'yan'uwansa, yana bin layi yana duba farce da safa da aski da kitso, waɗanda suka makara kuwa suna bakin ƙofa suna tsintar takardu da ledoji. Sai a rera waƙar sujada, wani ɗalibi ya karanta 'yan ayoyi daga Littafi Mai Tsarki, faston makaranta ko wani malami ya yi gajeriyar gargaɗi, a yi addu'a, a rera taken ƙasa, shugaban makaranta ya yi sanarwa. Abin lura a nan shi ne sau da yawa yaro ɗan shekara 12 ne ake tsayarwa gaban ɗaruruwan mutane ya yi karatun ko ya bi da addu'ar, muryarsa tana rawa a karon farko, kafin zangon ya ƙare kuma ya saba. Kuma wannan sabo da tsayawa gaban jama'a yana daga cikin abubuwa mafi amfani da makarantun suke bayarwa, ko da yake ba ya fitowa a takardar sakamako.

A cikin aji, babban sauyin da ɗan aji ɗaya yake fuskanta shi ne rabuwa da malami guda da ya san shi ciki da bai a firamare, ya koma hannun malamai da yawa, kowane da darasinsa da halinsa: Ingilishi, lissafi, kimiyya da fasaha na tushe, zamantakewa, aikin gona, tattalin gida, kasuwanci, Faransanci, harshen Nijeriya guda, da ilimin addinin Kirista, wanda darasi ne da ake jarrabawa a kansa, dabam da sujadar safe. Yara da yawa suna tuntuɓe a wannan shekara ba don rashin ƙwaƙwalwa ba, sai don babu wanda ya lura cewa sun fito daga firamare ba su iya karanta shafi guda su fahimce shi ba, suna dai kwafar abin da ke kan allo. Makarantar da ta san aikinta takan gano wannan a zangon farko ta ware musu lokaci. Yadda ake kiran manya kuwa yana nuna irin zaman da ake yi: malami Malam ne ko Sa, malama kuma Malama ko Ma, a makarantun Katolika akwai Fada da Sista, mai kula da ɗakin kwanan 'yan mata sau da yawa Mama ake ce mata, tsohon maigadi kuma Baba, ɗalibin da ya girme ka da aji ɗaya tak ba ka kiran sunansa sai ka sa siniya a gaba.

A makarantun kwana rayuwar ta fi tsauri, kuma tsofaffin ɗalibai sun fi yawan tuna ta. Ƙararrawa tana tada yara tun da asuba, a yi ɗan lokacin karatun Littafi Mai Tsarki da addu'a, kowa ya je ya share yankin da aka yanka masa, a ɗebo ruwa, a yi wanka da ruwan da sanyinsa yake shiga har ƙashi. Abinci ba ya wuce kunu da ƙosai ko burodi da shayi da safe, shinkafa da wake ko tuwo ko teba daga baya, wani lokaci gwate, sa'an nan akwai garin kwaki da sukari da ƙuli-ƙuli da kowa yake ɓoyewa a akwati don maganin yunwar dare. Bayan cin abincin yamma akwai karatun dare, inda ake zama shiru a aji ƙarƙashin kulawar firifet. Aikin hannu, wato shara da yankan ciyawa da noman gonar makaranta, gado ne daga Gindiri da takwarorinta, inda masu mishan suka dage cewa mai ilimi bai fi ƙarfin fartanya ba. Ranar ziyara ita ce babbar rana, kuma a nan ne ake ganin abin da zama tare ya koya wa yara, domin wanda iyayensa ba su sami zuwa ba daga Langtang ko Shendam ba ya kwana da yunwa, abokan ɗakinsa sukan buɗe kwanukansu a ci tare.

Batun harshe ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana da wani sarƙaƙiya da baƙo ba ya saurin gani. Jihar Filato tana da harsuna fiye da 40, kuma Hausa ce ta haɗa su a kasuwa da majami'a. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya taka babbar rawa a cikinsa, Hausa ta zama harshen wa'azi da waƙa da taron ikilisiya a yawancin yankin, har ma Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, wadda hedkwatarta take Jos, da Hausa ta raɗa wa kanta suna. Yaron da ya tashi a Abbatuwa, ko Bangas ne ko Batarok ko ɗan Mwaghavul, yakan ji kakarsa tana rera waƙoƙin Littafin Waƙoƙi da Hausa, ya yi cinikin nama da Hausa, ya buga ƙwallo da Hausa gauraye da Turancin buroka. Amma da ya shiga ƙofar makaranta, a wurare da dama sai a ce masa yin kowane harshe ban da Ingilishi laifi ne, har akan ci tara. Dalilin da ake bayarwa, cewa da Ingilishi ake jarrabawa, gaskiya ne. Sai dai hukunta yaro saboda harshen da ake yi masa addu'a da shi a gida yana koya masa raina gidansu ne, bai kuma tabbata yana gyara Turancinsa ba. Asarar ta fi tsanani ga ƙananan harsuna, domin yara da yawa na birni yanzu suna jin harshen iyayensu amma ba sa iya mayarwa.

Ranar al'adu, wadda yawancin makarantu suke yi sau ɗaya a shekara, yunƙuri ne na cike wannan giɓi. A ranar ake ganin 'yan Afizere da rawar Asharuwa da sarewarsu, 'yan Birom da kundung, wato kayan kiɗa na sanduna da ƙahonin shanu, 'yan Tiv cikin zanensu mai ratsin baƙi da fari, 'yan Igbo da Yarbawa da Hausawa kowa da shigarsa, iyaye mata kuma sun kawo acca da gwate da dankalin Turawa da sauran abincin gida. Wanda ya san tarihi zai ga nisan tafiyar da aka yi, domin masu mishan na farko da yawa sun ɗauki ganga da rawar gargajiya a matsayin kayan tsafi, sun hana ɗalibansu kusantarsu, sai daga baya majami'u suka dawo da kiɗan gida cikin sujada, kuma ƙungiyoyin Zumuntar Mata da tulunansu da kacau-kacau suna da babban rabo a wannan sauyi. Ranar tana da daɗi, yara kuma suna ɗokinta, amma yini guda na ado da rawa ba zai maye gurbin koyar da tarihin yankin da harsunansa a cikin aji ba.

Ƙungiyoyin ɗalibai su ne wurin da yaro yake fara riƙe amana. Mafi shahara a makarantun da ba na Katolika ba ita ce FCS, wato zumuntar ɗalibai Kirista, wadda aka kafa a Gindiri a 1957 ta kuma bazu a duk Arewa; a na Katolika akwai YCS. Akwai kuma Boys' Brigade, wadda William Alexander Smith ya kafa a Glasgow a 1883, da takwararta ta 'yan mata, masu fareti da ganguna da kakaki. A waɗannan ƙungiyoyi yara ne suke shirya taro, su riƙe ɗan kuɗin baiko, su rubuta rahoto, su shirya wasan kwaikwayo, malami yana gefe yana sa ido kawai. Ƙungiyar mawaƙa kuwa makaranta ce a cikin makaranta, domin a nan ake raba muryoyi kashi huɗu, a koya wa yaro ya riƙe nasa layin alhali na kusa da shi yana rera wani dabam, ya kuma saurari sauran don kada ya danne su. Akwai gasar haddar ayoyi da ta saurin buɗe Littafi Mai Tsarki, akwai ƙungiyar muhawara da ta 'yan jarida masu karanta labarai a taron safe, da ta JETS ta masu sha'awar kimiyya da ƙere-ƙere. Gasar wasanni tsakanin gidaje, inda ake raba ɗalibai rukuni-rukuni ba tare da duba aji ko ƙabila ba, takan ci makonni ana shiri, tafiye-tafiyen ilimi kuma sukan kai yara gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, inda suke ganin gumakan yumɓu na Nok, ko duwatsun Shere, ko gandun namun daji.

Idan aka zo maganar nasarori, abin da ake saurin kawowa shi ne sunayen fitattun tsofaffin ɗalibai, kuma sunayen suna nan. Joseph Gomwalk, gwamnan soja na farko na jihar Binuwai-Filato daga 1967 zuwa 1975, ya yi sakandaren maza ta Gindiri, haka ma Caleb Mutfwang da ya hau kujerar gwamnan Filato a 2023, Solomon Lar kuwa, wanda shi ma ya taɓa zama gwamnan Filato, ya yi kwalejin horar da malamai ta can. A fagen waƙa, M.I Abaga ya fito daga Baptist High School, tagwayen P-Square da Ice Prince kuma sun bi ta St. Murumba, kuma ba abin mamaki ba ne garin da yaransa suke tashi cikin ƙungiyoyin mawaƙa na majami'a da makaranta ya fitar da mawaƙa haka. Sai dai auna makaranta da gwamnoni da taurari bai isa ba. Nasarar da ta fi girma ita ce dubban malamai da ma'aikatan jinya da likitoci da fastoci da ma'aikatan gwamnati da suka fito daga gidajen manoma waɗanda ba a taɓa yin boko a cikinsu ba, musamman 'yan mata, waɗanda makarantu irin su St. Louis da ta 'yan mata ta Gindiri suka buɗe wa hanya a lokacin da ba kowane uba ne yake yarda 'yarsa ta wuce firamare ba.

A yau ma'aunin ya koma sakamakon jarrabawa da kofunan gasa, irin su gasar lissafi ta Cowbellpedia mai rukunin ƙaramar sakandare, kuma makarantu sukan buga hotunan waɗanda suka yi fice su rataya a bakin ƙofa don jawo iyaye. Babu laifi a yi murna da yaron da ya yi ƙoƙari. Amma ya kamata iyaye su san cewa makarantar da take tace masu shiga da jarrabawa mai tsanani, ta kuma sallami masu rauni kafin aji uku, dole sakamakonta ya yi kyau ko da koyarwarta ba ta fi ta wasu ba. Tambayar da ta fi amfani ita ce me makarantar ta yi da yaron da ya shigo bai iya karatu sosai ba. Satar jarrabawa kuma, wadda ta zama ruwan dare a ƙasar, jarraba ce ta musamman ga makarantar da take wa'azin gaskiya kowace safiya, domin ɗan shekara 14 da ya ga malaminsa yana shigo da amsa ɗakin jarrabawa ba zai ƙara ɗaukar gargaɗin safe da muhimmanci ba.

Akwai wasu matsaloli da ba a son faɗa a ranar rabon kyaututtuka. Tsarin siniya, wanda aka yi domin manya su kula da ƙanana, yakan rikiɗe ya zama zalunci, a ƙwace wa ƙaramin yaro abincinsa, a sa shi wanki da ɗiban ruwa, a doke shi idan ya ƙi, kuma 'yan aji ɗaya ne suka fi shan wannan wahala saboda tsoron kai ƙara. Bulala har yanzu tana hannun malamai da yawa, duk da cewa dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana azabtar da yaro da wulaƙanta shi. Albashin malamai a ƙananan makarantu sau da yawa bai kai ya riƙe iyali ba, don haka ƙwararru suna tafiya da zarar sun sami wani aiki. Ingancin gini ma abin dubawa ne, kuma Jos ta ga misalinsa mafi muni ranar 12 ga Yuli, 2024, sa'ad da benen wata makaranta mai zaman kanta ya rufta a Busa Buji ana cikin karatu, mutum 22 suka rasu, yawancinsu ɗalibai. Ga kuma batun kuɗi: makarantun mishan na da suna samun gudummawa daga ƙasashen waje da tallafin gwamnati, shi ya sa ɗan talaka ya iya shiga, amma yanzu kuɗin makaranta ne yake ɗauke da kusan komai, har ta kai ga matar da baikonta da aikin gayyarta suka taimaka aka gina azuzuwan ba ta iya sa ɗanta a ciki. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da wasu majami'u suna ɗaukar nauyin marayu da marasa ƙarfi, amma buƙatar ta fi abin da ake bayarwa yawa.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne rabuwar da ta shiga tsakanin yaran garin. Kafin rikicin da ya ɓarke ranar 7 ga Satumba, 2001, da waɗanda suka biyo baya a Nuwamba 2008 da Janairu 2010, ba baƙon abu ba ne a ga 'ya'yan Musulmi a makarantun mishan na Jos, iyayensu sun kai su saboda ingancin karatu da tarbiyya, kuma akwai manya da yawa a garin, Musulmi da Kirista, da abotarsu ta faro daga benci ɗaya. Bayan rikice-rikicen mutane suka yi ta ƙaura, unguwanni suka rabu bisa addini, kuma da yake babu uban da zai so ɗansa ya ratsa unguwar da yake tsoro kowace safiya, makarantu ma suka bi sahu. Tsarin mulkin 1999 ya yi tanadi a sashe na 38 cewa ba za a tilasta wa ɗalibi koyon wani addini ko shiga ibadarsa ba idan ba nasa ba ne ko iyayensa ba su amince ba, sashen ya kuma ba kowace al'ummar addini damar koyar da 'ya'yanta addininta a makarantar da ita kaɗai take ɗaukar nauyinta. Doka ke nan ta bar ƙofa a buɗe ga ɓangarorin biyu, abin da ya rage shi ne amincewa.

A Abbatuwa wannan al'amari ya fi fitowa fili, domin sana'ar nama ba ta bar manya sun rabu gaba ɗaya ba: mahauci Bahaushe da mai gidan abinci 'yar Birom da direban da yake ɗaukar kaya suna haɗuwa kullum, suna ciniki, suna bin juna bashi, sun san sunan juna. 'Ya'yansu ne ba sa haɗuwa. Yaron da ya yi shekara 11 zuwa 14 bai taɓa zama aji ɗaya da ɗan wani addini ba, bai ci abincin sallarsa ba, bai kai masa na Kirsimeti ba, duk abin da zai sani game da shi daga bakin wasu zai ji, kuma a garin da ya ga jini, abin da ake faɗa ba kullum yake da daɗi ba. Wasu makarantu da ƙungiyoyin sasanta jama'a sun kafa ƙungiyoyin zaman lafiya na ɗalibai, suna shirya wasan ƙwallo da muhawara da kacici-kacici tsakanin makarantun unguwanni daban-daban, kuma irin wannan haɗuwa tana da amfani idan ana maimaita ta zango bayan zango da yara iri ɗaya, ba taron yini guda na ɗaukar hoto ba. Sauran ya rataya ne a kan shawarwarin da hukumomin gudanarwa na makarantun suke yankewa a kowace shekara: nawa za a sa kuɗin makaranta, gurbi nawa za a ware wa waɗanda ba za su iya biya ba, wane tanadi za a yi wa ɗalibin da ba Kirista ba a lokacin sujada da darasin addini, da kuma ko motar makaranta za ta riƙa shiga unguwannin da ta daina shiga tun 2001.